Garmar Dikko a Ɗakin Kanwa

"…lafiya lau, amarya. Ke ce da rana tsaka haka? Ko mijin naki na aro ya koro ki, kin dawo wurin na gaskiya?"

"Wane na gaskiya? Wanda fura ma sai an tace masa? Ina wuni, Tsoho."

Raliya ce ta zo daga Dogo-Dogo gaida kakanta Dikko a gidansu na bayan Guci. An gama kaka, gero ya shiga rumbu, kowa ya miƙe ƙafa. Tun a hanya labari ya iske ta: Baffa Hamisu, babban ɗan tsohon, ya ce wa masu sayen tsohon ƙarfe su zo ranar kasuwa su ɗauki garmar shanun gidan, wai ta tsufa, mai ita ma ya tsufa, baɗi garmar haya za a ɗauko. Shi kuwa Dikko ya rantse ya maya garma ta ɓace. Raliya ta san kakanta kamar yunwar cikinta. Mutumin da ko ɗan akuya bai taɓa ɓace masa ba, ina garma za ta ɓace?

"Na ji an ce garma ta yi ƙafa."

"Aljanu suka ara. Su ma noma suke."

"To aljanun a ɗakin kanwa suke kwana? Tun da na zauna idonka bai bar ƙofar can ba."

"Idona ne, inda na ga dama nake kai shi."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji ta, ta miƙe.

"Ke! Matar kirki ba ta binciken ɗakin miji!"

"Ai ba a ce maka ta kirki ka aura ba."

Can ƙuryar ɗaki ta same ta, ƙarƙashin buhunan kanwa da gishirin lasar shanu, an lulluɓe ta da tsumma mai danshi. Da ta jawo ta waje, bakin garmar ya yi ja wur kamar an tofa masa goro, ga ƙasar huɗar ƙarshe nan daskare a jiki.

"Innalillahi! Tsoho, ai gara Baffa da kai. Shi sayarwa zai yi, kai kashewa kake."

"Kanwa ce fa! Saniya ta lasa ta yi ƙiba, ƙarfe ne zai ƙi?"

"Garma saniya ce? Gishiri da kanwa cin ƙarfe suke. Da na bari zuwa bazara, da rariya za ka ɗaura wa shanu."

"Har man shanu na shafa mata, da hannuna."

"Shi ya sa ɓerayen gidan nan ke sheƙi. Sun ce a yi maka godiya."

"Ji 'yar jiya! Ina riƙe da garmar nan ubanki yana yawo ba wando."

"Tsufa ai ba wayo ba ne. Kuka ma ta tsufa, har yau ba ta yi sallama da kowa ba. Miƙo mini tsohuwar wuƙar can."

Ta ɗaura zane ta zauna. Ta kankare busasshiyar ƙasa tas, ta goge tsatsa da yashi da tsumma, ta sa tsohon ya ɗauko ɗan bidon nan, wato jarkar baƙin man da ake zuba wa ƙafar amalanke. Yana kawowa yana mita, wai tun da yake bai taɓa ganin amaryar da ke aiken ango ba. Sannu a hankali farin ƙarfe ya fara leƙowa. Ta ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa, garma ta amsa da ƙara mai kyau.

"Da sauranta," in ji Raliya. "A shafe ta da mai, a rataye ta sama inda iska ke ratsawa, kada ta taɓa ƙasa har ruwa ya sauka."

Dikko ya matso kusa. Ya tsuguna yana shafa hannun garmar, inda tafinsa ya cinye itacen ya yi santsi.

"In na rataye ta, Hamisu zai gani," ya ce a hankali. "Ranar da aka ɗora ta a sikeli, ni ma an gama da ni. Wanda ba ya riƙe garma, ba a tambayarsa ranar shuka."

Tausayi ya kama Raliya. Amma tsakanin kaka da jika ba a nuna shi a fili, sai ta yi tsaki.

"To yi kuka mana, in ɗebi hawayen in wanke hannu."

Tsohon ya ɗago. Ya dube ta, ya dubi garma, sai ga idonsa ya fara ƙyalli irin na mai shirya tsiya.

"Ke, tsaya. Ɗa yana iya sayar da kayan ubansa. Kayan matar ubansa fa?"

"Ko da wasa bai isa ba."

"To na ba ki. Garma taki ce, duniya da lahira. Ya zo ya taɓa kayan uwarsa mu gani!"

"Na karɓa. Yau ɗin nan zan kira Baffa in ce, ɗana, ka kiyayi kayana." Ta shafa mai a bakin garmar. "Sai dai ga garma, babu mai riƙewa. Ɗan ƙwadago nake nema, tsoho, mai taurin kai, wanda shanu suka san muryarsa. Kuma shi zai faɗi ranar shuka, don ni ban iya duban hadari ba."

"Me za a ba shi?"

"Fura. Tatacciya."

Dikko ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Kin ci gari, ja'ira. An ɗauke ni aiki. Miƙo igiya in rataye kayan uwar ɗakina."