Dardumar Manya a Kan Daɓen Dawaki

Ranar Asabar aka kore ni daga filin sukuwa. Laifina, na ɗaga gefen darduma. Masu gadi biyu suka tallabe ni ta hammata, cikin ladabi, suka dire ni a wurin ajiye motoci kamar buhun dusa. Tun da na dawo gida bayan shekara goma sha ɗaya a waje, wannan ne karo na farko da wata hukuma ta yi mini aiki cikin gaggawa.

Ni doki bai dame ni ba. Aikin famfo da bututun ruwa na karanta. Kawuna ne ya ja ni, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara goma sha tara yana kula da dawakin wani attajiri. Da sassafe ya buga mini ƙofa.

"Bature, sa takalminka. Yau karatunka zai yi rana."

"Lafiya, Kawu? Famfon barga ne ya fashe?"

"Tartsatsi ne. Ƙafar gaba ta hagu. Kwana uku ke nan jijiyar na zafi, in ka dafa kamar ka taɓa butar shayi."

Tartsatsi shi ne jan dokin da Kawu ya raina tun yana ɗan wata shida. Ni da nake ɗan 'yar'uwarsa bai taɓa tsefe mini gashi ba. Shi kullum sai an tsefe masa.

"Ka gaya wa Maigida?"

"Na gaya masa. Ya ce an riga an buga sunan dokin a takardar shiri, surukansa ma za su zo kallo. Wai in na sake ta da maganar, in naɗe tabarmata."

"To gaya wa likita mana."

"In ta fito daga bakina, kafin la'asar ta koma kunnen Maigida. So nake likita ya gano da kansa. Kai dai ka tsaya a yi gwajin yadda doka ta ce. Ai ku 'yan boko kun iya tsayawa a kan takarda."

Ga yadda doka ta ce. A gefen ƙofar tashi, wato ɗakunan ƙarfen nan da ake jera dawaki kafin a sake su, akwai wani dogon daɓen siminti. A kansa ake jan kowane doki da sassarfa, a je a dawo, likitan dabbobi na tsaye. Dalilin ba boyayye ba ne. A kan yashi mai laushi doki na iya ɓoye ɗingishi. A kan siminti ba ya iyawa: duk sanda ƙafar da ke ciwo ta taɓa ƙasa sai ya ɗaga kai, ƙarar kofaton nan kuma ta fi sauran sanyi. Likita yana gani, yana kuma ji. Wanda ya faɗi gwaji a mayar da shi barga.

Wanda aka bari ya gudu a haka, mun san ƙarshensa. Bara wani doki ya karye a kwana ta biyu. Aka zo da tamfol aka kare shi daga idon jama'a, aka ji ƙarar bindiga sau ɗaya, aka ci gaba da shagali. Mai Girma Shugaban Kwamitin Sukuwa, Allah ya ja zamaninsa, ya yi alkawarin hakan ba zai sake faruwa ba. Ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin kwamiti ya zauna sau shida, ya sayo sabon tamfol, wanda ya fi na da faɗi.

Muka isa filin da hantsi. Na nemi daɓen siminti na rasa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ko'ina taɓo, sai Babban Sakataren Shirye-shirye, mutum mai hangen nesa, ya lura cewa daɓen nan ne kaɗai busasshen wuri a filin. Aka shimfiɗa jar darduma a kansa, aka kafa rumfa, aka jera kujeru masu hannu da fankoki biyu. Madalla da wannan basira. Takalmin babban mutum ba zai taɓa taɓo ba.

Na same shi yana gyara zaman wata kujera.

"Ranka ya daɗe, a ina za a gwada dawaki?"

"Ga fili nan, ƙaton gaske."

"Yashi ne. Doka ta ce a kan daɓe."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Malam daga ina?"

"Daga nan."

"A'a. Kafin nan."

Na gaya masa.

"Na ji alama," ya ce. "Can haka kuke yi. Mu nan muna girmama baƙi."

Mai Girma Shugaba ya makara da awa biyu. Wai layin mai ne ya toshe hanya. Ban musa ba, don ni ma a layin nan na bar motata tun Alhamis. Da ya iso aka ce wa likita ya hanzarta, rana tana yi. Likitan dattijo ne siriri mai farar riga da ta ga duniya. Dawaki goma sha biyu, minti biyar, a kan yashi. Kawu ya ja Tartsatsi, ya je ya dawo. Dokin, da yake ɗan halak ne mai zuciya, ya taka kamar babu abin da ke damunsa. Likita ya ƙura wa ƙafar ido, Sakatare ya nuna masa agogo, sai likita ya buga hatimi.

Kawu ya waiwayo ya dube ni. A nan ne karatuna ya yi rana. Na taka har gaban rumfa, na sunkuya, na kama gefen darduma na ɗaga, na ce da ƙarfi, "Jama'a, ga wurin gwaji nan a ƙarƙashinku!" Fanka ɗaya ta faɗi. Sauran kun riga kun ji.

Ina zaune a kan wani dutse a wurin motoci ina kakkaɓe wando, sai aka fara jawabi. Shugaba ba ya jawabin da bai kai minti arba'in ba. Likita ya san haka, don sai ga shi ya zagayo bayan ƙofar tashi, ya jingina da tsohuwar motarsa, ya buɗe gorar ruwa. Wurin motocin manya kuwa kwalta ne, sabo fil. Wannan aiki ɗaya kwamiti bai yi wasa da shi ba.

Sai ga Kawu riƙe da ragamar Tartsatsi. Mai gadi ya tare shi.

"Baba, ina zuwa? Nan na motoci ne."

"Ɗana, lasifikar nan ce ke firgita shi. In ya yi tutsu a gaban rumfa ya ture Mai Girma, kai za a tambaya. Bari in ɗan zaga da shi."

Mai gadi ya matsa da sauri.

Kawu ya haura shekara sittin, gwiwarsa ma ba lafiya ce da ita ba. Amma ya tattare riga ya kama sassarfa a kan kwalta, doki na biye. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ɗaya ta zo a hankali. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali. Kan dokin na tashi sama duk sanda ƙafar hagu ta sauka. Ni mai famfo ma na ji, kamar bututun da iska ta shiga.

Suka wuce ta gaban likita. Bai ɗago ba. Kawu ya juya ya sake wucewa, yana haki. A karo na uku likita ya sauke gorar daga bakinsa.

"Dattijo, tsaya."

Ya durƙusa ya shafa ƙafar daga gwiwa zuwa kofato. Dokin ya janye. Likita ya ɗaga ido ya dubi Kawu. Sannan ya zaro biro ya ja layi a kan sunan dokin a takardarsa.

Maigida ya taso daga rumfa, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Wa ya cire mini doki? Ba kai ka buga hatimi ba yanzun nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni kuma na soke. In ya gudu yau, da tamfol za a raka shi."

Maigida ya juya kan Kawu. "Kai kuma me ya kawo ka nan?"

Kawu ya dafe ƙirji. "Lasifika, Maigida. Wallahi lasifikar na firgita shi." Kuma ba ƙarya ya yi ba, tana firgita shi. Ya dubi likita da idon marar laifi. "Likita, wai da gaske ɗingishi yake?"

Na ga 'yan wasan kwaikwayo a manyan biranen duniya. Babu wanda ya kama ƙafar Kawuna.

Aka yi sukuwa da dawaki goma sha ɗaya, duk suka dawo da ƙafafunsu huɗu. Maigida ya gaya wa surukansa cewa shi da kansa ya ba da umarnin a hutar da dokin, saboda tausayi. Kawu yana nan a bakin aikinsa. Tartsatsi zai yi wata uku a barga, ana ɗaure masa ƙafa da ruwan sanyi safe da yamma.

Jiya maƙwabcina mai faci ya tare ni a ƙofar gida.

"Injiniya, an ce ka yi juyin mulki a filin sukuwa."

"Darduma kawai na ɗaga."

"Wa ya aike ka? Mu da muke nan tun haihuwa, ka taɓa ganin mun leƙa ƙarƙashin darduma?"

Ya miƙo mini sanarwar da kwamiti ya fitar, wani direba ne ya bar masa. An zauna, an yi nazari mai zurfi a kan abin da ya faru, an gano inda ɓarakar take. Daga yau an haramta wa kowane doki taka wurin ajiye motoci.

Ita kuwa darduma, masu tambaya su kwantar da hankali. An sa mutum uku sun duba gefen da na taɓa, a tsanake, ba wanda ya nuna musu agogo. Lafiyarta ƙalau, za ta fito mako mai zuwa.