Koyil ɗin da Hajiya Ta Kulle a Durowa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a makarantarmu ba, ko da kuwa na tsufa na manta sunan jikokina. Lokacin ina koyar da Fiziks a wata sakandare mai zaman kanta a wajen Ƙofar Mazugal, kuma kowa ya san ni da natsuwa. Abin da ba wanda ya sani shi ne tun ina jami'a nake shan taba a ɓoye. Da na yi aure sai na koma sigarin lantarki, wadda ake zuba mata wani ruwa mai ƙamshi a zuƙi tururinsa. Na ce wa kaina hanyar dainawa ce. (Shekara biyu ina kan wannan hanya, ban ga ƙarshenta ba.)

A cikinta akwai 'yar siririyar waya da aka naɗe, ita ake kira koyil, ita ke yin zafi ta mai da ruwan tururi. Tawa irin wadda mutum ke naɗa wa koyil da kansa ce, ni kuwa abin ya shiga raina. Sai in kama wayar da filaya, in naɗe ta sau shida a jikin ƙaramin sukudireba, in matse, in auna da mita, in zura auduga ta tsakiya. Idan ta yi ja daga tsakiya zuwa gefe, sai in ji kamar ni na ƙera jirgin sama. A gida ba hali, don haka ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ya zama maƙerata.

Ranar wata Laraba ana hutun tara, na gama naɗi ke nan na jiƙa audugar da ruwa mai ƙamshin mangwaro, sai na ji sallamar Hajiya, shugabar makarantar, a kaina.

"Malam, me kake haɗawa haka?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kayan gwaji ne, ranki ya daɗe. So nake in nuna wa yara yadda waya ke ɗaukar zafi idan wuta ta bi ta cikinta."

Na zaci za ta ce madalla ta wuce. Ina! Baiwar Allah sai ta riƙe haɓa tana Masha Allah, wai irin malaman da take nema ke nan, masu ƙirƙira da hannunsu. Ta ce ranar Asabar akwai taron iyayen yara, lallai in nuna musu. Kafin in buɗe baki ta ɗauke abin gaba ɗaya, ta ce za ta kulle a durowarta kada wani ya taɓa.

Kwana uku na yi ba zuƙa ko ɗaya. Na ci goro har haƙorana suka yi ja, na yi wa matata faɗa a kan gishirin miya, na yi wa 'yan aji biyar jarabawar ba-zata har sau biyu. (Allah Ya yafe mini, ba su yi komai ba.)

Ranar Asabar aka kafa rumfa a tsakar makaranta, iyaye suka cika kujeru, maza gefe guda, mata gefe guda. Hajiya ta gabatar da ni da kirarin da ko mahaifiyata ba ta taɓa yi mini ba, ta damƙa mini abin a hannu. Dabarata mai sauƙi ce: in cire murfi, in danna maɓalli, su ga waya ta yi zafi, in yi ɗan turanci, in zauna. Na manta audugar na nan a jiƙe. Ina dannawa sai ta yi cuuu, tururi ya tashi, ƙamshin mangwaro ya gauraye rumfar. Aka fara tafi. Wata Hajiya daga baya ta ce, "Kai, turaren wuta ba gawayi! Malam, a haɗa mini ɗaya."

Na mayar da murfin ina hamdala a zuci, na ɗauka na tsallake. Sai shugaban iyayen yara, wani dattijo ɗan kasuwar Ƙofar Wambai, ya ɗaga hannu.

"Malam, mun ga waya, mun ga auduga. To wannan ɗan bakin da ke saman murfin fa, mene ne aikinsa?"

Na ce, "To, Baba Alhaji, wato shi wannan... wato iska ce..." Na laluba kaina kaf, ba ƙaryar da ta rage. Ni kuwa duk sanda na rikice, hannuna ya san inda yake zuwa. Wallahi ban san sanda na kai abin baki ba. Na ja wata doguwar zuƙa ta mai ƙishin kwana uku, har da lumshe ido, na busar ta hanci da baki a gaban makirfo. Lasifika ta kai sautin har bakin titi.

Da hayaƙin ya washe, sai na ga idanu. Dattijon ya gyara hularsa ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Malam ya amsa tambayata."

Ranar Litinin na shiga ofishin Hajiya da takardar ajiye aiki a aljihu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Shan abin tsakaninka da ƙirjinka ne. Amma ka sa na tsaya gaban mutane na yi maka shaida." Ta ba ni takardar gargaɗi, ta ce kada ta ƙara ganinsa a harabar makaranta. Tun ranar Asabar ɗin kuwa, kafin in isa gida Gwammaja labari ya riga ni, na tarar da matata ta jera mini mangwaro uku a faranti, ta ce, "Ga na gaske, ko za ka gwada."

Na daina sha daga baya, da ƙyar da jiɓin goshi, amma har yau tsofaffin ɗalibaina in sun gan ni a hanya sai in ji ana raɗa "Malam Cuuu". Abin da na koya kuwa shi ne, in ka san ba ka da ƙarfin faɗin gaskiya, to aƙalla kada ka yi ƙaryar da za ta burge shugabanka. Wadda ta ba shi haushi a ofis take mutuwa, wadda ta burge shi kuwa sai an kafa mata rumfa.