Ranar Da Na Ci Sau Uku A Talabijin

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci abinci sau uku a talabijin ba. A talabijin na ce, domin a gidana dai ba a yi hakan ba a shekarar.

Ni manomi ne a wani ƙauye bayan Gezawa. Boko ban yi nisa ba, wannan rubutun ma da ƙyar nake jan shi, sai a yi haƙuri da ni. Gonakinmu nan ƙanana ne, iyaka da iyaka, in ka yi tari a taka, maƙwabci zai ce maka sannu daga tasa. A shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke shirin fid da kai. Taki kuwa tun farkon damina ya fi ƙarfinmu. Da aka yi girbi, abin da na ɗaure jaki ɗaya ya kwashe shi, ko nishi bai yi ba. Ba a yi nisa da kaka ba muka koma kwaɗon rama da tafasa, sau ɗaya a yini, yara su kora da ruwa su kwanta.

Ina da 'ya, Sa'adatu, 'yar yayana marigayi. A tsakar gidana ta yi rarrafe, kafin dangin uwarta su ɗauke ta zuwa birni su sa ta makaranta. Allah ya ba ta murya da natsuwa, ta zama mai karanta labarai a wani gidan talabijin. Bayan sallar magariba, in mai shayin garinmu ya tada janareta, sai mu jeru a benci mu kalle ta. In ta yi sallama gaba ɗaya muke amsawa (har da ni, da na san ba ji take ba). Duk abin da na rasa a rayuwa, a kan bencin nan ina da abu guda: ni ne Baffan mai labarai.

Wata rana ta kira ni a waya. Ta ce, "Baffa, na gaji da karanta yunwar wasu garuruwa, ta garinmu ba mai kawo min. Na roƙi manyana har sun yarda in zo da masu kyamara. Ana shirin raba hatsin agaji, kuma inda aka gani da ido can ake fara kaiwa. Kai za ka yi magana. Gaskiya kawai nake so ka faɗa."

Na ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya."

Ita gaskiya ta ambata. Ni kuwa abin da ya shiga kunnena shi ne baƙi za su zo, abokan aikinta, 'yan birni masu ƙamshin turare, su ga gidan da ta fito. Mu tun muna yara abin da aka koya mana ke nan: baƙo ba ya ganin ƙasan tukunyarka. Ko kwana ka yi ba ka ci ba, in an ce yaya gida, lafiya lau za ka ce.

Na sa mai ɗakina Hanne ta fito da babbar rigar da na yi aure da ita, ta hura gawayi ta goge. Tana guga tana kallona. Ta ce, "Malam, ba cewa ta yi ka faɗi gaskiya ba?"

Na ce, "Ke yi gugarki. So kike a riƙa nuna yarinyar nan a wurin aiki ana cewa ga 'yar gidan mayunwata?"

Daga nan na tafi wurin Malam Audu, maƙwabcina a gida da gona. Ya ji bayanina ya gyaɗa kai, domin shi ma tarbiyyarmu ɗaya. Kafin azahar shi da sauran maƙwabta kowa ya ɗauko 'yan dammunan da suka rage masa, aka jibge a ƙofar zaurena. Hatsin unguwa guda ke nan, amma da aka tara shi wuri ɗaya sai ka rantse na mutum ɗaya ne mai rufin asiri. Kazar da ta rage mana kuma na sa mata wuƙa (mai ƙwai ce, har yau Hanne ba ta yafe min ita ba).

Da motarsu ta tsaya, Sa'adatu ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ɗago ta dubi rigar, ta dubi tarin geron. Can ta ce, "Baffa, mu je bakin gona mu yi maganar a can."

Na ce, "Baƙi a rana? Ba a gidana ba."

Mai kyamarar, wanda ya riga ya sha romon kaza, ya ce ai nan ma ya fi kyau. Ya tsayar da ni a gaban dammunan mutane, aka miƙo min abin magana.

Ta ce, "Baffa, yaya daminar bana ta kasance muku?"

Na gyara wuyan riga. Na ce, "Alhamdulillahi, sai godiya. An samu daidai gwargwado."

Ta ɗan matso. Ta sassauta murya kamar mai lallashin yaro ya sha magani. "A gidan nan, sau nawa ake ɗora tukunya a yini?"

Ƙofa ce ta buɗe min, na gani sarai. Amma na dubi 'yan birnin nan sun zuba min ido, na tuna duk ƙasa za ta ji, har surukaina na Tofa. Sai na ji bakina ya ce, "Sau uku. Wani lokaci har da ɗan ƙari."

Ta juya ga sauran mazan da ke tsaye ko wani zai ce wani abu. Kowa ya ce ai Malam ya gama magana. Wa zai ƙaryata mai gida a ƙofar zaurensa?

Da za ta shiga mota ta ce a hankali, "Baffa, me ka yi min haka?" Ni kuma, saboda tsabar rashin kai, na yi murmushi na ce, "Ba komai 'yata, fitar da ke kunya na yi."

Ranar da za a nuna, bencin mai shayi bai ishe mu ba, wasu a ƙasa suka zauna. Ashe Sa'adatu ta ɗauko hotunan gonakin da suka ƙone, amma manyanta sun yanke su, suka bar ni. Ita kuma aka ba takardar ta karanta da bakinta, cewa manoman yankinmu sun nuna godiya bisa amfanin gona mai albarka. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ido ne dai ba ta ɗago ba har ta gama, ita da kullum take kallonmu kamar tana ganinmu. Sai ga ni na cika akwatin, riga tana sheƙi, ina cewa har da ɗan ƙari.

Mutanen da tun safe ba abin da ya shiga cikinsu suna zaune suna kallona ina ƙoshi. Can Malam Audu ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe sau uku ake ci a gidanka, muna katanga ɗaya ba labari. Wancan damin na hagu ma nawa ne." Aka yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. Na nemi ƙasa ta tsage, ita ma ta bushe da yawa.

Ban ce maganata kaɗai ta jawo ba, amma motocin hatsi ta bakin titinmu suka wuce zuwa wasu garuruwa. Kafin wata damina Malam Audu ya sayar da gonarsa ya kwashe iyali zuwa unguwar Bacirawa a birni, yana tura kurar ruwa. Yanzu in na yi tari a gona ba mai ce min sannu. Sa'adatu kuwa ta yi musu da manyanta a kan yankan da suka yi, aka ɗauke ta daga gaban kyamara aka mai da ita ɗakin masu rubutu. Wata fuska ta fara yi mana sallama da magariba. Ba mai amsawa.

Bayan wani lokaci ta zo ita kaɗai a motar haya, da buhun masara. Ba riga a jikina sai 'yar shara mai faci. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Baffa, yau ba kyamara. Sau nawa ake ci?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Ta ce, "Shi ke nan fa abin da na zo nema ran nan." Ta tashi ta shiga wurin Hanne.

Abin da na koya shi ne, in ɗanka ya zo ya tambaye ka inda ke maka ciwo, ba baƙo ba ne, ko da mutum nawa ya zo. Na yi alkawari duk ranar da aka sake miƙo min abin magana, da 'yar sharata zan fito in faɗi komai. Rigar tana ƙasan akwati, amsata tana bakina a shirye. Mai tambayar ne dai har yau bai sake zuwa ba.