Ranar da teburina ya riƙe hular Baba

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da surukina ya zauna a falona kai ba hula ba.

Ni malamin makaranta ne, abin da hannuna ya sani alli da jan biro. Shi kuwa Baba Alhaji, mahaifin matata Yagana, tsohon maƙerin ƙofofi ne a Yerwa, irin mutanen da in sun ba ka hannu sai sun lalubi tafinka su ji ko da kanta. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, Allah ya sani. Sai dai ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidanmu, cewa yake wa 'yarsa, "Kada ki wahalar da Malam, zan turo a gyara." Wallahi wannan tausayin ya fi zagi yi mini ciwo.

Da muka tare a sabon gidanmu a unguwar Mairi, ya aiko cewa zai zo ya sa wa gida albarka nan da mako biyu. Na ce to, ga dama ta samu. Da ma na ga wani teburin cin abinci a waya, mai kaurin katako, irin na gidajen gonar Turawa. Na sayo katako da ƙusa da samfefa, na ari zarto, na baje a tsakar gida. (Kada ka tambaye ni labarin babban yatsana, har yau farcen bai dawo daidai ba.) A kwana goma tebur ya tsaya da ƙafafunsa huɗu, ni kaina na yi mamaki.

Saura banish, man nan da ke sa katako sheƙi. Maƙwabcina, Ba Modu, kafinta ne, ya leƙo ya gan ni da gwangwani a hannu.

"Malam, damina ce fa. Ka tsinka shi da tina, ruwan nan na sirka fenti, ka shafa kaɗan-kaɗan, kowane shafi ka bar shi ya sha iska."

Na ce, "Na gode, Ba Modu, duk na gani a waya."

Ya ce, "To, madalla," ya koma shagonsa. Ni kuwa ran Laraba na juye gwangwanin kaf, a tunanina abin kamar man shanu ne a miya, yawansa daɗinsa. Ran Juma'a da safe na taɓa gefe da yatsa, na ji ya bushe. Ashe sama-sama ne, irin fatar da kunu ke yi in ya huce. Yagana ta ce, "Abban Hauwa, mu shimfiɗa masa leda mana." Na ce a rufe wannan sheƙin? Ba da ni ba.

Bayan an sauko daga masallaci Baba ya iso. Na gaishe shi, na ja masa kujera, na fice, tunda ba a cin abinci gaban suruki. (Ficewar tawa ba ta wuce bayan labule ba.) Ina kallo ya ƙwanƙwasa katakon, ya kama ƙafa ɗaya ya girgiza.

"Yagana, wa ya yi muku wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Malam? Da hannunsa? Kai, ma sha Allah!"

Kaina ya fasu, har ina jin labulen ya yi mini kaɗan. Ana haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Baba ya cire hularsa, ya ɗora ta rigingine a kan teburin, ya ja biski da miyar kuka. Hular nan ba ta kasuwa ba ce. Marigayiya Hajiya, mahaifiyar Yagana, ita ta ɗinka masa da hannunta, kuma ita ce ta ƙarshe da ta ɗinka. Sai Juma'a yake sa ta.

Da ya gama, Yagana ta zo ɗauke tire. Tire ya ce ina nan. Ta ja, ta sake ja, ta waiwayo wajen labule. Kafin in yi motsi Baba ya kai hannu ga hularsa. Ya ɗaga, ba ta ɗagu ba. Ya ƙara ƙarfi kaɗan, muka ji zare ya yi ƙara, ya saki da sauri.

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Haka na tafi da ƙafata na kira Ba Modu. Bawan Allah bai ce mini ko "ai na faɗa" ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ya zo da kananzir da siririyar wuƙa, ya yi ta lallaɓa hular kusan awa guda, dattijo na zaune da furfurarsa a waje, gaban 'yarsa da surukinsa da maƙwabci. Daga ƙarshe ta fita, amma ta bar da'irar shuɗin zare manne a katakon.

Baba ya daɗe yana juya ta a hannu. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya ce, "Tashi, Malam. Teburinka ba ya rawa, wannan ma aiki ne. Ni ma ƙofar farko da na ƙera sai da aka sare bango kafin ta shiga. Amma a ta biyu na yi tambaya."

Ba Modu ya ce gobe zai zo ya goge wurin da samfefa. Baba ya ɗora yatsa a kan zaren, ya ce, "A'a, bar shi. Zaren Hajiya ne, ya zauna a gidan 'yarta." Yagana ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Tun daga ranar, in mai sana'a ya buɗe baki sai in mai da wayata aljihu. Teburin ya bushe tuni, amma har yau duk baƙon da ya kai hannu zai cire hula, kafin in ankara na ce, "Don Allah riƙe ta a cinya."