Yadda Na Sayar da Jarumin Fim Ɗina a Kasuwar Maigatari

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na zama furodusa ba, ko na so mantawar ma mutanen kara, wato kasuwar dabbobi, ba za su bar ni ba. Ni dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari, kuma an san ni da magana ɗaya: in na ce dabba lafiyarta ƙalau, ba a buɗe bakinta a duba haƙori. Bokona ya tsaya a aji huɗu (ba korata aka yi ba, ni da makarantar ne muka rabu cikin mutunci, kowa ya ji daɗin rabuwar).

A zamanin kaset ɗin bidiyo ne ɗan ƙanena Habu ya dawo daga Kano da hular hana-salla, ya ce shi yanzu darakta ne.

"Baffa, fim za mu yi wanda uba zai kalla da 'ya'yansa bai sunkuyar da kai ba. Babu rawa, babu soyayya. Labari nake nema, da mai zuba jari."

Na ce labari ai a gidanmu yake. Kakata ta sha ba mu shi: tana yarinya, zamanin da Nasara suka fara shata iyaka tsakaninmu da Damagaram, farin raƙumin babanta ya ɓace a can ƙetare, ɓangaren Faransa. Ta yi kuka har ta gaji, sai bayan damina biyu ya dawo da ƙafarsa ya durƙusa a ƙofar gida. Habu ya ce wannan shi ne fim. Batun mai zuba jari kuwa, kallona kawai ya yi.

Na sayar da gonata ta Gagarawa, don ni ba na yin abu rabi da rabi. Muka gina ƙauye guda na zana da bukkoki a bayan Ɗanzomo, awakin gari suka cinye kusan rabinsa kafin kyamara ta iso. Bature ba mu da shi, sai muka samo wani tela mai hasken fata daga Sule Tankarkar muka bula masa alli. Da gumi ya karyo sai ya koma tela. Jikata Ummi, 'yar shekara tara, ita ta fito a matsayin kakata. Jarumin kuwa ni na zaɓo shi da kaina a hannun wani Buzu: amale, wato ƙaton raƙumi namiji, fari tas, mai tozo kamar rumbu. Ummi ta sa masa suna Auduga, da hannunta take ba shi harawa.

Aikin da aka ce kwana goma ne ya shiga wata na biyu. Yau janareta ya mutu, gobe mai kyamara ya tafi Kano suna. Auduga na nan yana cin harawa ba aikin fari. Wata Alhamis na ce bari in ja shi kasuwa ya miƙe ƙafa. (Ka ji ko? Ya miƙe ƙafa. Haka na gaya wa kaina.)

Ina shiga kara wani Alhaji Ari, mutumin Damagaram, ya zagaya shi sau biyu ya taya. Na ce albarka, wannan ɗan fim ne. Ya ƙara, na ce albarka. Ya sake ƙarawa. Wanda bai taɓa dillanci ba ba zai gane ba, amma akwai kuɗin da in aka ambata, hannunka ne ke miƙa akala kafin zuciyarka ta ji labari.

Na gaya wa Habu da Ummi cewa Auduga ya gurɗe, na kai shi wajen mai magani. Na kawo wani.

"Baffa, wannan kamar ja ne."

"Rana ce ta dafa shi. Kai da ka girma a Kano, me ka sani a raƙumi?"

Bai sani ba kuwa. Shi ma jan, Alhamis biyu ya yi na sallama shi, tunda an riga an fara. Da aka zo ɗaukar fitowar ƙarshe, abin da ke hannuna wata taguwa ce, raƙuma mai shayarwa. Muka shafe ta da farar ƙasa tun daga wuya har wutsiya. Ummi ta dube ta ta dube ni, na ce mata ai a fim haka ake yi, kafin Auduga ya warke.

Ranar nunawa na kama babban ɗakin taro a Gumel, bayan la'asar, aka kafa majigi. Kuma don Allah ya nufa in ji kunya, na bi kara rumfa-rumfa na gayyato dillalai, na ba su kujerun gaba. Mutanen da ke gane raƙumi daga sawunsa a rairayi, su na zaunar a gaban allo.

Da farko abin ya yi kyau. Auduga na fitowa ɗaki ya ɗauki "masha Allah", har wani ya taya shi daga inda yake zaune. Ina ta gyara babbar riga. Da jan ya fito sai na fara jin tari nan da can. Na ce a raina, in dai aka wuce nan shi ke nan.

Sai ga wurin da Habu ya rantse mata za su yi kuka. Yarinya na zaune a ƙofar gida, raƙumi ya doso daga nesa, ta ruga ta rungume wuyansa. Ta ɗago, rigarta da fuskarta fari fat, wuyan raƙumi kuma ya koma ruwan ƙasa daidai inda ta riƙe. Kyamara ta ja baya, ga hantsa nan a cike, kowa na gani.

Sai wani tsohon dillali, Malam Sale, wanda muka shekara talatin muna tsokanar juna, ya yi gyaran murya.

"Ikon Allah. Ya tafi amale, ya dawo taguwa. Lallai ƙasar Faransa akwai abin mamaki."

Ban san dariya na da nauyi ba sai ranar. Ina neman hanyar fita, sai na ji murya daga baya, ashe Alhaji Ari ya ji labari ya shigo.

"Alhaji, kada ka damu. Amalen na waje a ɗaure, shi na hawo. In za a sake wurin nan, ina ba da shi haya."

Ummi tana kusa da ni. Ta juyo a hankali.

"Kaka, ba ka ce yana wajen mai magani ba?"

Na ce, "To ai ga shi ya warke."

Ta tashi ta fita wajen Auduga. Yara suka bi ta, iyaye suka bi yara, dillalai suka bi don su ga ko an yi mini wayo a ciniki. Aka bar ni da Habu da telan Sule Tankarkar, wanda ke jiran ya ga sunansa a ƙarshe.

Washegari mutum shida suka sayi tikiti. Labarin ya riga ya zaga gari kyauta, kuma a bakin Malam Sale ya fi daɗi. 'Yan kasuwar kaset na Kano suka ce albarka. Habu ya koma ɗaukar bidiyon biki, Ummi ta yi wata guda ba ta karɓar alawata.

Har yau ina dillanci, sai dai yanzu in na ce wa mutum amale ne, yakan ce "na yarda, Alhaji", sannan ya sunkuya ya leƙa. Abin da na koya, kuma kyauta nake ba ku: dattijo ba ya ƙarya. In kuwa ta kama dole, kada ya ɗauke ta a kaset, ya kama ɗaki, ya tara waɗanda suka fi kowa sanin gaskiyar a sahun gaba.