Jelar Rigar Farfesa Magnum

Duk faɗin duwatsun arewacin Pennsylvania ba a taɓa yin masanin harsashi kamar Mista Wendell Krebs ba, shi da kansa ya tabbatar da haka. Katifu yake sayarwa a gari, amma wannan na rufin asiri ne kawai. Ainihin abin da ya kawo shi duniya shi ne wayar wa jahilai kai a kan yadda ake kashe barewa da ƙaramar bindiga, wato libarba. In ka shiga shagonsa neman matashin kai, sai ka fito ka san nauyin dalmar da ke bakin kowane harsashi, da gudunsa, da faɗin ramin da yake yi. Matashin kuwa sai wani zuwan. Abokansa na sansanin farauta, saboda tsananin girmamawa, suka raɗa masa Farfesa Magnum, sunan wani harsashi mai ƙarfin gaske. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar abin da ke sa su tari in sun faɗa ba.

A sansanin, duk wanda ya harbi barewa ya kuskure, da an dawo bukka sai shugaba, Dattijo Orval, ya zaro wuƙa ya yanke masa jelar riga, a kafa ta a bango da ƙusa. Bangon ya cika da tsummoki kala-kala, na Orval ɗin ma suna nan birjik. Ta Farfesa kaɗai ce babu. Shi ya sa ba ya cusa riga a wando. Rigar ulu ce mai ja da baƙi, yana barin jelarta tana reto a ƙarƙashin falmaran ruwan lemo da doka ta ce mafarauta su sa, yana juya baya ga mutane ba gaira ba dalili don su more kallo.

"Shekara da shekaru," yakan ce, yana shafa ta, "wuƙar Orval ba ta san ɗanɗanon rigata ba. Wannan shi ake kira ilimi."

Gaskiya ne, bai taɓa kuskure ba. Ba a kuma taɓa jin ƙarar bindigarsa a dawa ba, amma manya ba sa tsayawa kan irin waɗannan ƙananan bayanai. Shekarar da ya zo da harsashi mai lamba 357, barewar da ta gitta ta yi wa harsashin girma, kuma mutumin kirki ba ya raunata dabba ya bar ta da wahala. Shekarar da ya zo da lamba 44, barewar ta yi ƙanƙanta, harsashin zai ɓata naman. Wata shekarar iska ce ba ta karanta lissafinsa ba.

Bana kuwa ya iso da libarba mai lamba 500, nauyinta kamar dutsen guga, harsashinta kamar babban yatsa. Ya ajiye ta a tsakiyar tebur, ya ture tukunyar kofi, ya gyara murya.

"Ku saurara, 'yan'uwa. Lamba 357 ta korar karnuka daga bola ce. Ka harbi namijin barewa da ita, sai ya juyo ya tambaye ka ko lafiya. Lamba 44 ba laifi, ga 'yan koyo da masu ciwon wuyan hannu. Ku kuma masu dogayen bindigogi da madubin saiti, ban san me kuke kira farauta ba. Ai ko kakata za ta kashe barewa daga tagar kicin da irin wannan."

A kan sabuwar libarbar akwai madubin saiti. Farfesa ya ci gaba da bayanin cewa madubin ƙaramar bindiga ba irin nasu ba ne, ana miƙe hannu ne a hango shi daga nesa, kuma wawa ne kaɗai yake kawo shi kusa da ido.

Matsalar ta ɓullo ne daga gwiwar Merle, mijin ƙanwar Farfesa. Ta kumbura, ba zai iya hawa dutse ba. Sai Orval ya yanke hukuncin Merle ya je ya zauna tare da surukinsa a rumfar fako ta bakin rafi, inda tafiyar ba nisa. Farfesa ya yi bayani mai tsawo a kan yadda numfashin mutum na biyu yake rage wa harsashi gudu. Ba a saurare shi ba. Haka masana suke fama a ko'ina.

Da safe suna zaune, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai ga namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, ƙahoninsa kamar rassa. Ya tako har gabansu, ya tsaya a gicciye, ya ba da haƙarƙari kamar wanda aka ɗauka haya. Farfesa ya fara raɗa cewa dabbar ta yi kusa da yawa, harsashi irin wannan yana bukatar fili kafin ya gama buɗe ƙarfinsa.

"Harba mana, suruki," in ji Merle a hankali. "Ko in je in riƙe maka shi?"

Farfesa ya dubi barewa, ya dubi Merle. Merle mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Farfesa ya ɗaga libarba, ya nemi barewa a madubi bai ga komai ba sai baƙi. Ya jawo shi kusa. Ya ƙara jawowa, har ya manna shi a ido. Sannan ya danna kunama.

An ji ƙarar har ƙetaren dutse. Bindiga ta yi shuri, bakin madubi ya sare masa gira, Farfesa ya yi baya da kujera, takalma a sama. Barewa ya ɗaga wutsiya, ya tsallake rafi, ya shige daji ba tare da wata gaggawa ba.

"Na same shi," in ji Farfesa daga kwance, jini na bin hancinsa. "Harsashin ya ratsa shi ne da saurin da bai ankara ba. Matacce ne yake tafiya, labarin ne bai kai masa ba tukuna."

Mutanen sansani suka taru, don ba a wasa da maganar dabbar da aka raunata. Suka bi sawun barewa har kan tudu suna duba ƙanƙara. Ko ɗigo babu, ko gashi. Abin da suka samu shi ne reshen itace da aka kakkarya can sama, inda sai barewa mai fiffike za ta kai. Jini kam akwai, amma duk a gindin kujerar Farfesa yake.

Da aka koma bukka aka ci wake da nama, sai Orval ya fara wasa wuƙa. Farfesa, da tsumma ɗaure a goshi, ya jingina bayansa da bango ya riƙe jelar riga da hannu biyu. Nan fa ilimi ya yi ranarsa.

"Dakata, Dattijo! Me dokar sansanin nan ta ce? Ta ce wanda ya zubar da jini ba a yanka masa riga. An zubar da jini ko ba a zubar ba? Ku je ku duba! Ta ce jinin wa? Ba ta ce ba. Harsashina ya yi aikinsa, ina da shaida!"

Orval ya gwada kaifin wuƙarsa a babban yatsa.

"Gaskiyarka, Farfesa. Ka kayar da dabba, Merle ya ga faɗuwarta. To amma ka san abin da ake yi wa dabbar da aka kayar. A ɗaura mata alama a kunne, a kai ta gindin sandar rataya, a auna, a ɗau hoto. Zaɓi: riga ko kunne?"

Wani ƙaramin mutum da sai ya miƙa riga a wuce wurin. Farfesa ba ƙaramin mutum ba ne. Ya miƙa kunne.

Aka yago kwalin biskit, aka huda, aka ɗaura masa da igiya. Aka fitar da shi tsakar fili, Merle na ɗingishi a gaba yana share hanya. Farfesa ya kama ƙugiyar sikeli ya naɗe ƙafafu, allura ta yi wani juyi da ba ta taɓa yi ba. Wajen hoto ya dage sai an ɗauka ta gefe, don jelar rigar ta fito sosai, yana ta bayanin cewa yau kowa ya ga ƙarfin harsashin da idonsa.

Shi ne nama mafi nauyi da aka kayar a sansanin bana. Tun daga ranar babu mai musun cewa lamba 500 tana kayar da babbar dabba da harbi ɗaya, in dai dabbar ta tsaya a bayan bindigar.