Man goge baki a haƙarƙarina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban aji a makarantar koyon jinya a Kafanchan ba. Ni mutum ne da ko sunansa aka kira sai muryarsa ta yi rawa, amma makin wannan jawabi shi zai ba ni damar fara aiki a asibiti tare da 'yan ajinmu. Na ƙudura ba za a bar ni a baya ba.

An ba ni batun ƙarambau, yadda ƙwayar cutar kan kwanta a jijiya shekara da shekaru, ta farka idan jiki ya yi rauni. Mako biyu ina haddacewa, ba barcin kirki, ba abincin kirki. Har zanen ƙurajen da takan fitar a haƙarƙari na yi da jan biro.

Ana cikin haka sai haƙarƙarina na dama ya fara zafi kamar an ɗora garwashi, ƙuraje masu ruwa suka fito a jere. Abokin ɗakina Bulus, ɗan Manchok, ya leƙa ya ce, "Gizo-gizo ne ya yi maka fitsari, shafa man goge baki." Na shafa. (Kwana biyar, safe da yamma, ban tsallake ko sau ɗaya ba.)

Ranar jawabi na dage, ina ɗage riga da yatsu biyu don kada ta taɓa fatar. "Ƙurajen kan fito a gefe ɗaya tak," na ce, "kuma a fara magani cikin kwana uku."

Madam Hannatu, malamarmu, ta ja hanci. "Wa yake ƙamshin man goge baki? Ɗana, ɗaga rigar nan."

Na ɗaga. Ta dubi zanena da na manna a allo, ta dubi haƙarƙarina da ya yi fari fat.

"Yesu! Ka zana kanka a allo, ba ka gane kanka ba?"

Aji ya fashe da dariya, Bulus ya nutse a kujera. Kunya ta kusa kashe ni, amma ban zauna ba. Na ce, "Madam, saura shafi biyu." Na ƙarasa da riga a hammata, ina nuna layin jijiyar a jikina.

Na ci makin, sai dai sai da ƙurajen suka bushe aka bar ni na shiga wurin majinyata, zafin kuwa ya bi ni har wata biyu. Yanzu idan na karanta alamomin cuta, nakan rufe littafin in fara duba kaina, ba na kuma tambayar Bulus.